Alwalar Yaya Bube da Warin Teku

Yayana Bube mai haƙar rijiya ne, kamar mahaifinmu. Daga Fakku har Kebbe akwai rijiyoyin da har yau ake kira da sunansa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana sai in an taɓo zancen ruwa.

Bayan babban farin nan da ya kashe shanu, rumbunmu ya zama wayam, sai ya hau babbar mota tare da samari suka nufi Ikko. Lokacin kuɗin fetur ne, wajen shekarar da aka yanka mana Jihar Sakkwato. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, daga baya aka ɗauke shi aiki a wani ƙaramin jirgi na masu binciken ruwan teku. Aikinsa ya jefa guga, ya jawo, ya cika kwalabe. Yakan ce shi bai bar sana'arsa ba, rijiyar ce kawai ta yi faɗi.

Da maigidana ya rasu na fita takaba, na koma gidan Yaya. Na tarar ya dawo da rediyo da keke da labarai. Wanda ya fi maimaitawa shi ne na warin teku. Ya ce cikin damina ruwan yakan yi kore-kore, ya riƙa wani wari tsakanin ƙarnin kifi da ƙwan da ya fara lalacewa, ko da sun yi nisan da ba a hango gari. Wata rana ya toshe hanci, sai shugabar masu binciken, wata Bayarabiya da suke kira Madam, ta yi dariya. Ta ɗiga ruwan ƙarƙashin madubin da ke girmama abu, ta ce ya leƙa. Ya ga wasu 'yan halittu, wasu kore, wasu ruwan ƙasa, waɗanda ido ba ya gani. Wani Bakano mai gyaran inji ya fassara masa bayaninta: gansakukar teku ce. In ta mutu, ko ƙananan ƙwarin ruwa suka ci ta, sai wata iska ta fito mai ɗauke da farar wuta, irin wadda muke saye wurin masu magani don ƙazwa. Iskar ta tashi sama, ta bi hadari, ruwan sama ya sauko da ita, koguna su mayar da ita teku. Mu dai muna jin labarin muna surfe, muna cewa ikon Allah.

Wata ranar kasuwa ya je Tambuwal, ya zauna zauren Malam Dikko inda manya ke ɗaukar karatu. Aka zo kan babin tsarki. Malam ya karanta cewa ruwan da launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa ya canza, ba a alwala da shi. Yaya bai jira ƙarshen darasin ba don motar Kebbe za ta tashi. Ya dawo gida bai taɓa tuwonsa ba.

Daga ranar, in an sallame salla kowa ya watse, shi sai ya miƙe ya sake tayar da wata, ya idar, ya sake. Hadari ya fara haɗuwa, kowa ya share gonarsa, tasa tana nan da karan bara. Almu, abokinsa tun suna yara, ya leƙo ta kan danga ya same shi kan buzu.

"Bube, limanci kaka nema? Hwaɗa min in kama maka ƙafa."

"Tafi abinka, Almu."

"Ni dai godiya niz zo yi. Awakina sun yi ƙiba ga gonarka."

Yaya bai ko murmusa ba. A nan na san abin ba ƙarami ba ne.

Da hantsi ina wanke randa a gindin durumi, ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya daɗe yana wasa da tsinke kafin ya ce, "Kulu, sallolina na cikin jirgi duka babu."

Na ce, "Subhanallahi, Yaya, kamar yaya babu?"

Ya ce ruwan daɗi a jirgi na sha ne da girki, don haka da ruwan gugansa yake alwala. Ya san ruwan teku mai tsarki ne, kowa ya san wannan. Amma nasa ya yi kore, ya yi wari, biyu cikin ukun da Malam ya lissafa ke nan. Shekaru ya yi a haka, bai san adadin sallolin ba. "Ramawa nika yi," in ji shi, "amma ina tsoron in mutu ban kai rabi ba. Ta yaya zan riƙe fartanya da wanga nauyi bisa kaina?"

Na tambaye shi ko ya faɗa wa Malam. Ya ce mutum da furfura a gemu ya tashi gaban jama'a ya ce bai iya alwala ba?

Na kalli hannuna, duk kore ne daga abin da na kankaro a cikin randar, wadda da ruwanta muke alwala kullum. Na ce, "Yaya, ni ban yi karatu mai nisa ba. Amma in za ka je, kada ka ce wari kawai. Ka faɗa masa abin da Madam ta nuna maka, har da farar wutar."

Almu ne ya ɗauke shi a babur zuwa Tambuwal, kuma daga bakinsa na ji yadda aka yi. Sun jira har zauren ya rage mutane. Yaya ya zayyana komai, kansa a ƙasa.

Malam Dikko ya ce, "Wanga abu mai wari, zuba shi aka yi daga waje, ko cikin ruwan yat tsiro?"

"Cikinsa aka halicce shi, Allah shi gafarta Malam. Da idona nig gane shi."

"To ranar nan ina kat tafi? Da ka zauna kaɗan da ka ji sauran. Abin da ruwa ya haifa da kansa, kamar gansakukar tafki, ba ya hana tsarki. Haka ruwan da ya kwanta bisa ƙasar gishiri ko ta farar wuta. Sallolinka suna nan, Bube. Allah shi karɓa."

A cewar Almu, sai Yaya ya rufe fuska da hannun riga. Malam kuwa ya hana su tafiya, ya sa aka kawo fura, ya ce a sake ba shi labarin 'yan halittun nan tun daga farko, yana tambaya ko suna da ƙafa.

"Ka gani," in ji Almu a hanya, "kai ne mutum na farko da motar Kebbe ta kusa kai shi lahira ba ta ko faɗi ba."

Washegari da sassafe Yaya ya ɗauki gatari da manjagara. Ya kori awakin Almu da jifa, shi da Almu suna zagin juna kamar yara. An yi ruwan shuka bai gama shara ba, muka fita mu duka muka taya shi, har da 'yarsa Hadijatu tana bin sa da ƙwaryar iri. Geron ya ɗan makara, amma ya yi.

Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, ya haƙa wasu rijiyoyin. Duk farkon damina, in iska ta juyo daga kudu, yakan tsaya bakin gona ya ɗaga hanci ya ce yana jin teku. Almu ya ce warin turken jakinsa ne yake ji. Yaya sai ya tara hannu, ɗigon farko ya sauka a tafinsa, ya shafa a fuska.