Direba a Kujerar Baya

Tsohon direba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan titi. 'Ya'yansa sun girma ba su san wasa da shi ba, domin in ya dawo gida sai barci. Da idonsa ya raunana ya ajiye tuƙi, zama ya ishe shi, abu kaɗan sai faɗa.

Wata Asabar 'yarsa ta haɗa shi da jikarsa 'yar shekara huɗu. "Baba, ka kai ta gidan wasan yara, aiki ya riƙe ni."

Ya tafi yana gunaguni. Can ciki, kusa da ramin ƙwallaye, akwai motar katako mai jan sitiyari. Yarinyar ta haye gaba ta nuna masa benci.

"Kaka, zauna a baya. Kar ka dame ni, tuƙi nake."

Ya lanƙwashe gwiwoyinsa da ƙyar ya zauna. "To, ranki ya daɗe, a tafi a hankali, akwai tsoho a ciki."

Yara suka cika motar, ya yi ta koya musu kiran fasinja har muryarsa ta dushe. Yanzu kowace Asabar shi ke riga ta shiryawa.