Ƙarfen Hephzibah da Jarkar Ruwa

Duk unguwar Trikania an san Hephzibah da ɗaga ƙarfe. Tela ce, 'yar Pankshin, amma kafin ta buɗe shago sai ta ɗaga gwangwanayen madarar da ta cika da siminti ta soka musu sandar ƙarfe. Mazan layin sun sha dariya, har ranar da suka ga ta rungumi keken ɗinki ita kaɗai ta haye bene da shi. Daga nan kowa ya kama bakinsa.

Cikinta na fari ya zube a wata na uku. Ba wanda ya faɗa mata a ido, amma surukarta, Mama Grace, ta daina kallonta in suna magana. Hephzibah ta san abin da ake cewa: wai da hannunta ta kashe ɗanta. Abin ya ci ta ƙwarai, don ita ma wani lokacin takan yarda.

Da ta sake samun ciki, Mama Grace ta kwashe ƙarafan ta cusa a ƙarƙashin gado. Amma jigilar jarkar ruwa da Hephzibah ke yi daga famfon layi kullum da safe, wannan bai dami kowa ba. Ai aikin gida ne!

Ranar awo Hephzibah ta sa tsohuwar a Keke Napep, da jarka cike, da ƙaramin ƙarfe guda. A asibiti ta roƙi nas ta aza su a sikeli. Ƙarfe kilo biyar, jarka ashirin da biyar.

"Mama, wanne ne abin tsoro?" in ji nas ɗin. Ta duba cikin ta ce lafiya lau. "Ta ci gaba da ɗaga ƙarfe, amma marar nauyi. Kada ta riƙe numfashi, kada ta kwanta rigingine in ciki ya tsufa. Ta ga jini ko jiri, ta ajiye ta taho. Ɓarin farkon ciki kuwa, yawanci ba aiki ke kawo shi ba."

Hephzibah ta bi doka tiryan-tiryan. Takan ɗaga ƙarfe tana rera waƙar coci, in waƙa ta sarƙe ta san nauyi ya yi yawa. Jarka kuwa ta koma hannun mijinta, Victor.

Ta haifi 'ya mace. Rana ta uku, Mama Grace tana gasa mata jiki da ruwan zafi, sai ta tsaya da tawul a hannu.

"'Yata, na farkon nan ba ke ba ce. Ki yafe mini."

Shekara biyu Hephzibah tana jiran wannan magana. Ta dafa bakin baho, ta fashe da kuka.