Zoɓon Nura da Askar Kyaftin

Salamu alaikum. Masu cigiyar inda na shige tun bara, ga ni, da sauran shan ruwana.

Kun san an kira ni sansanin ƙwallon raga na ƙasa, inda ake tace waɗanda za su buga wasannin share fagen gasar duniya. Mu biyu aka kira daga ƙungiyarmu ta Ƙofar Galadima, ni da Nura. Gurbi ɗaya muke bugawa, mutum ɗaya za a ɗauka.

A can jikina ya mutu. Tsalle ya gagara, abinci ya fita raina, fitsarina ya koma kamar shayi. Koci ya dube ni ya ce, "Sadiƙu, idonka ya yi ɗorawa. Tattara ka koma gida."

Wallahi tun a mota zuciyata ta tafi kan Nura. Kullum bayan atisaye sai ya miƙo min zoɓo, ban roƙa ba. Na mene ne?

Da na isa gida, Umma ta ƙarasa min: "Sammu ne! Mai neman gurbinka ne zai shayar da kai don Allah?"

Aka yi ta jiƙe-jiƙe, amai ya ƙi tsayawa, aka sa ni a keke sai asibiti. Ɗibar jini, hoton ciki, ƙarin ruwa. Babur ɗina a nan ya tafi. Na ji tsoron mutuwa, ba zan ɓoye ba.

Aka sako Nura ma daga sansanin, wai ba ya jure gudu. Na ce alhaki ne. Ya zo dubiya da gorar zoɓo, na juya fuska bango, Umma ta tuttular a kwata.

Likita ya ce, "Ciwon hanta ne, irin wanda ake ɗauka ta jini. Ba a shansa a zoɓo. Wa ke maka aski?"

Nan na tuna. Al'adarmu ce a ƙungiya, duk tafiyar wasa kyaftin ya jera mu ya yi mana ƙwal-kwabo da aska ɗaya, wai haɗin kai. In an yanke ka a yi dariya, a goge, a kira na gaba.

Aka gwada kowa a ƙungiyarmu. Har da Nura a cikin masu ciwon, nasa kuma ya daɗe a jiki bai sani ba. Nawa ya fita, Alhamdulillah. Nasa likita ya ce sai dai magani da lallaɓawa.

Na gode wa Umma, da ma'aikatan jinya, da ku masu addu'a. 'Yan wasa, kowa ya riƙe rezarsa. Ku yi gwaji, ku yi rigakafi. In ido ya canja, asibiti tukuna.

Jiya na koma fili. Nura na bakin layi, an hana shi buga wasa tukuna. Ya ɗaga gorar, sai kuma ya tuna, ya fara mayar da ita jaka.

Na ce, "Malam, miƙo." Na shanye tas.