Fuskar da Sajo Ya Ba da Aro

An haifi Sajo a wata ruga da ke gabas da Gagarawa, lokacin da jirgin ƙasa bai daɗe da fara bi ta wurin zuwa Nguru ba. Ubansa makiyayi ne, amma ciwon bushiya, annobar shanu, ya cinye garken gidan tun Sajo yana saurayi. Bai gaji komai ba sai sanin saniya, da shi kuma ya shiga sana'ar kora.

Ga yadda aikin yake. Fatake su sayi shanu a kara, wato kasuwar dabbobi ta Maigatari, ranar Alhamis, su damƙa wa mai kora, su hau mota su yi gaba. Shi kuwa ya bi burtali da su ta Gumel har tashar Gagarawa, inda ake loda su a tarago zuwa Kudu. Wani lokaci sai Kano, da ƙafa. Babu takarda, babu mai rakiya. Mutum ya juya baya ya bar dukiyarsa a daji a hannun wani, don haka jarin mai kora duka sunansa ne. Sunan Sajo kuwa ya kai har Damagaram. A shekarar fari ta 1973, da shanu suka riƙa faɗuwa a hanya, duk wadda ta kasa tashi sai ya yanka ta, ya feɗe, ya kai wa mai ita fatar da alamarsa a jiki. Wani falke da ake kira Alhaji Cindo ya taɓa ce masa ya daina wahalar da kansa da ɗaukar fata, maganarsa ta isa. Sajo ya ce ya ji, amma bai daina ba.

Abokinsa na kusa shi ne Malam Ɗantsoho, mai koyar da manya karatun boko a ajin yaƙi da jahilci na Gumel. Ɗantsoho Babarbare ne, jinin Mangawa, Sajo kuwa Bafulatani, saboda haka akwai wasa tsakaninsu tun kaka da kakanni. Kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama, kuma abin kunya ne a yi fushi. Duk sa'ad da Sajo ya biyo da shanu, sai ya tsaya a ƙofar zauren Ɗantsoho.

"Wane ne wannan mai warin nono?" in ji Ɗantsoho daga ciki. "Au, bawana ne. Yau na wa ka sato?"

"Na ubangidanka ne, wato nawa. Fito ka gaishe ni, mai fuska kamar an yi huɗa a gona."

Su yi dariya, a kawo fura, su sha a ƙwarya ɗaya. Haka suka yi shekara da shekaru.

Da kakar 1975 wasu mutane suka zo daga Kaduna da injin ɗaukar hoto mai motsi. Wani littafin labari na Hausa suke so su mayar majigi, suna neman garke da mutumin da ya iya tafi da shi. Da yake Ɗantsoho yana karanta wa ɗalibansa littafin a aji, shi aka haɗa su da shi. Bai yi dogon tunani ba ya kai su wurin Sajo.

Sajo ya nemi izinin masu shanun da ke hannunsa, suka yarda. Matarsa A'i ce ta ɗan ja baya.

"Malam, kai da ba ka san abin da ke cikin takardar nan ba, me zai hana a karanta maka tukuna?"

Ya ga maganarta da hanya. Washegari ya sami Ɗantsoho, ya ce ya ɗan karanta masa wurin da ya shafe shi.

"Kai Ɗan Fillo, wa ya gaya maka haka ake yi? In na karanta maka, daɗin kallon ya tafi. Sai ka zauna gaban majigi kana hamma, ka riga ka san ƙarshe. Bari ka gani da idonka, ka sha mamaki."

"To ni wane ne a ciki?"

"Mai shanu mana. Da liman za a sa ka?"

Sajo ya yi dariya, ya bar maganar.

Aka yi ɗaukar da sassafe a wani fako kusa da Sule Tankarkar. Suka ce ya ja rawani ya rufe baki, ya rufe. Suka ce ya kwance maruƙa daga igiya a hankali, kada ya kira shanun da murya kamar yadda ya saba. Wannan ya ba shi mamaki, amma ya yi. Sannan suka ce ya kora su da sauri, yana tafe yana waiwaye, can kuma rawanin ya zame fuskarsa ta fito.

"Waiwayen na mene ne?" ya tambayi Ɗantsoho.

"Kana duba ko wata ta tsaya a baya."

Wannan kam aikinsa ne, sai ya yi waiwayen da gaske, har wani Bature da ke riƙe da injin ya tafa masa.

Shekara ta zagayo har da ɗoriya kafin motar majigi ta iso Gumel. Ranar Laraba ce, jajibirin kasuwar Maigatari, gari cike da fatake daga Kano da Hadeja da Damagaram. Aka kafa farin ƙyalle a filin makaranta. Sajo ya sa babbar rigarsa ta salla, ya zauna a gaba kusa da Alhaji Cindo, wanda ya matsa masa wuri a tabarmarsa. Bayan sallar isha'i aka kunna inji. Muryar da ke cikin hoton ba ta fita sosai, ƙarar injin wuta ta danne ta, sai direban motar ya miƙa wa Ɗantsoho lasifika ya riƙa yi wa jama'a bayani, tunda ya san labarin.

Labarin wani dattijo ne da ya tara shanu don aurar da 'ya'yansa, ya ɗauki baƙo aiki, ya ba shi ci da sha, ya saki jiki da shi. Baƙon, sunansa Kwashe-garke, ba a nuna fuskarsa ba, sai bayansa da rawaninsa. Sajo yana kallo yana tsaki, yana cewa a ransa mutumin nan ba shi da alamar gaskiya. Can sai ga fakon Sule Tankarkar. Ga hannu yana kwance maruƙa a hankali. Ga shanu suna gudu, ga mai rawani yana waiwaye. Rawanin ya zame, fuskar Sajo ta cika ƙyallen, ta fi ƙofar zaure girma.

Fili ya ɗauki ihu. Da Ɗantsoho ya ji dariyar, sai ta ɗebe shi.

"Jama'a, kun gan shi ko? Kwashe-garke ke nan, Sajo na Gagarawa! Na daɗe ina gaya muku halin bawan nan nawa, kuna cewa wasa nake yi. To ga shi yau inji ya kama shi. Dubi waiwaye! Wannan ai ba koya masa aka yi ba, gado ne!"

Mutanen Gumel da suka san su suka yi ta ƙyaƙyatawa. Amma Sajo ya juya ya ga baƙin fatake ba dariya suke yi ba. Kallonsa suke yi, su kalli ƙyallen, su sake kallonsa. Wani Badamagare ya sunkuya ya tambayi na kusa da shi ko wannan ne mutumin da ake ba shanu. A cikin hoton kuwa dattijon yana zaune a tsakiyar turakun shanunsa babu ko saniya ɗaya, yana kuka, wata tsohuwa cikin 'yan kallo kuma a bayan fili tana ta Allah ya isa da ƙarfi.

Sajo ya yi murmushi, don ba shi da ikon yin wani abu. Abokin wasa ne ya yi magana. In ya tashi ya fita, gobe a ce Bafulatani ya kasa ɗaukar wasan Babarbare. Ya zauna har aka kashe inji.

Motar ta wuce Maigatari, ta je Sule Tankarkar, ta zo Gagarawa, ta bi ƙauyuka. Ɗantsoho bai bi ta ba, amma direban ya haddace maganarsa, ko'ina sai ya maimaita ta, har da sunan Sajo da na garinsu. A wuraren nan babu wanda ya san akwai wani Babarbare, balle wasa. Da yawa ma ranar suka fara ganin majigi, kuma abin da ido ya gani, a wurinsu ya faru.

Sai a lokacin Sajo ya nemi littafin. Ya sami Ubale, malamin dabbobi da ke yi wa shanu allura a tashar Gagarawa, ya roƙe shi ya karanta masa daga fari har ƙarshe. Suka riƙa zama da la'asar a gindin wata tsamiya. Sajo ya ji daɗin labarin, abin da ya ƙara ɓata masa rai ke nan. Tun a farkon littafin an faɗi ko wane ne Kwashe-garke da abin da ya zo yi, babu ɓoye-ɓoye. Duk wanda ya buɗe shi ya san ɓarawo ne. Kuma ba a ce Bafulatani ne ba, ba a ce dogo ne ko gajere ba.

"Malam Ubale, kai da kake karantawa, fuskar wa kake gani?"

Ubale ya ce, "Da can wani kawuna nake gani, mai irin halin. Yanzu kuwa, Bappa, kada in yi maka ƙarya, kai nake gani."

Sajo ya gyaɗa kai. "Da an karanta mini, da na ba su aron shanun, na hana su fuskata."

Ya je Gumel ya sami Ɗantsoho a zaure shi kaɗai.

"Ka san ɓarawo ne ranar da na tambaye ka."

"Haba bawana! Na so ka sha mamaki ne. Kuma ai wasa ne. Yaushe kakanka ya taɓa kai ƙarar kakana?"

"Wasa a nan muke yinsa, ni da kai, gaban waɗanda suka san mu. Ka ɗauke shi ka sa a lasifika."

"Kwana biyu za a manta. Kai dai ba ka son a ce na ci ka."

Ɗantsoho yana faɗa yana dariya, kuma da gaske bai ga abin da ya yi ba.

Ba a manta ba. Babu wanda ya fito ya ce Sajo ɓarawo ne, sai dai a kara dillalai su ce, "Kwashe-garke, an iso?" shi kuma ya amsa da fara'a. Baƙin fatake suka koma ba wasu masu kora. Na gida suka ci gaba da ba shi, shi ya sa ya daure. Wata Alhamis cikin bazarar 1977, Alhaji Cindo ya sayi bijimai masu yawa, ya kira Sajo kamar kullum. Suna cikin magana sai ga wani ƙato da jaka a kafaɗa ya tsaya kusa da su.

"Wannan Kyauta ne, ƙanen matata," in ji Alhaji, yana kallon ƙasa. "Zai bi ka har tasha. Ba don komai ba, Malam Sajo. Shanun ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai abokan ciniki na Kano, su ne suka ce... ka dai gane. Ni na san ka."

"Na gane, Alhaji."

"Ko magana ba zai yi maka ba."

"Allah ya ba da sa'a, Alhaji. A nemi wani ya kai su."

Alhaji ya roƙe shi, ya ce to Kyauta ya zauna. Sajo ya ce ai an riga an faɗa. Ya yi sallama da shi cikin ladabi, ya kama burtali ya taho gida, babu ko akuya a gabansa. Ranar ce korarsa ta ƙarshe.

Yanzu yana noman gero da wake a gonar da ya ara kusa da tasha, A'i tana sayar da fura a bakin jirgi. Ɗantsoho yakan zo Gagarawa duba ajin manya, kuma duk zuwa sai ya biyo ta gonar, ya tsaya a kan kekensa ya ɗaga murya.

"Bawana! Shanu sun ƙi ka, ka koma satar wake?"

Sajo sai ya ajiye fartanya, ya matso bakin hanya, ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, Malam. Barka da zuwa. Ina gajiya? Yaya iyali?"

"Kai, bar wannan mana. Zage ni, Ɗan Fillo."

"Allah ya ƙara girma, Malam. A sauka lafiya."

Ɗantsoho yakan daɗe a tsaye yana jira. Sajo kuwa ya koma kan kunyarsa, ya ci gaba da noma.