Ƙofar da Baba Ya Toshe a Cikin Waya

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. Ina yaro "kai" yake ce mini. Da na fara koyarwa a wata firamare a Kaura Namoda sai ya koma ce mini "Malam", da 'yar ba'a a ciki, irin ta manomin da bai ɗauki riƙe alli a bakin aiki ba. Ba mu taɓa zama tabarma ɗaya ba. In yana da magana da ni, matata yake faɗa wa, ko da ina tsaye a wurin.

Da tsakiyar damina na je ƙauyenmu, can bayan Zurmi, na ɗauko shi, kwana biyu bayan 'yan bindiga sun shiga garin sun kashe maƙwabcinsa. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, shi kaɗai ne a gidan, sai gonar geron da ya gama yi wa maimai. Ƙarya na yi masa, na ce asibiti za mu je a duba ƙafarsa da take kumbura, mu dawo. Ya shigo mota riƙe da magirbinsa, wai tunda Kaura za mu, zai ba maƙeri ya gyara masa baki kafin kaka.

Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin: ya zauna a gidana har kaka ta wuce. Geron ya ruɓe in ya ga dama, tsuntsaye su cinye, shi dai ya rayu. Shi kuma bai san wata magana ba sai ta komawa ya girbe abinsa.

Ba abin da ban yi ba, kuma ina jin kunyar wasu har yau. Na ɓoye magirbin a ƙarƙashin gadona. Na je tasha na roƙi direbobin hanyar Zurmi, na ce duk wanda ya ga tsoho mai ɗingishi kada ya ɗauke shi. Na sa matata ta riƙa leƙen zaure. Wata rana da zan je kasuwa na danna wa ƙofar gida kwaɗo ta waje, uban da ya haife ni yana ciki. Daga ranar ya daina cin tuwo, sai kunu, shi ma rabin kofi. Wuni yake yi a zaure yana kallon gajimare. Ana cikin haka aka datse layukan waya a jihar, aka rufe makarantu, labarin ƙauye ya yanke gaba ɗaya. Sai ya zama ni ma a gida nake wuni, ina gadinsa yana ramewa a gabana, ban san dabarar da ta rage mini ba.

Akwai wani wasa a tsohuwar wayata da 'ya'yana mata suke yi, wanda ba ya bukatar layi. Fili ake ba ka kore shar, zagaye da shinge, ka gina wurin shaƙatawa a ciki: lilo, ƙaton wili mai ɗaga mutane sama, rumfunan abinci, makewayi, hanyoyi. Ƙananan mutane suna shigowa ta ƙofa su yi wasa, kowa da 'yar fuska a saman kansa, kore in yana jin daɗi, ja in ransa ya ɓaci. In ka taɓa mutum, abin da yake tunani ya fito da Turanci. Wata rana yaran suka bar wayar a kunne kusa da shi suka tafi aike. Ina shigowa zaure na ji ya yi magana, ba da ni ba, da bango.

"Gonaw wa ta wagga anka bari ba shuka?"

Na tsuguna na ce ba gona ba ce, wasa ne. Na nuna masa yadda ake dasa itace da yatsa. Ya dasa ɗaya, ya dasa na biyu, ya gyara zama. Ban san lokacin da na zauna a kan tabarmarsa ba. Shi wayar yake kallo, ni ma ita nake kallo, saboda haka ba wanda ya karya kunyar wani. Shekarata arba'in da ɗoriya, ranar na fara jin kafaɗarsa a jikin tawa.

Da hankalin manomi ya yi wasan, ba yadda masu shi suka tsara ba. Itatuwa a jere ya dasa su, taku ɗaya tsakani. Ya haƙa tafki a kusurwar da ya ce nan ruwa zai gangara. Ya bar kashi ɗaya na filin ba komai, na yi na yi ya gina wani abu ya ƙi, wai ƙasa ma tana son hutu. Kuɗin shiga kuwa ya sa na cire shi tun ranar farko, ya ce a garinsu ba a tare baƙo a ƙofa a ce ya biya. Na gina masa jirgin nan mai hawa sama ya gangaro da gudu mutane suna ihu. Ya daɗe yana kallonsa, shi da ya yi dakon gyaɗa zuwa tashar jirgin Kaura yana saurayi.

"Wanga jirgi ina za shi?"

"Ba ko'ina, Baba. Inda yat tashi nan shika dawowa."

"Ba shi ɗaukar kaya?"

"A'a."

"To malalaci na, irin 'yan boko."

Na haɗiye maganar, don a daren ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Da safe kafin ya tambayi ruwan alwala sai ya tambayi matata ko an karɓo wayar daga wurin mai caji. Mako uku muka yi haka. Bai daina kallon gajimare ba, amma ya rage. Na riƙa lissafi a zuciyata cewa in wasan nan ya riƙe mini shi wata ɗaya da rabi, kaka ta wuce, ba sauran abin komawa.

Matsalar ta faro ne ranar da ya lura da masu fita. Ƙofar filin ɗaya ce, gefe na shiga, gefe na fita, kuma bayan shingen ba a zana komai ba sai baƙaƙen itatuwa. Ya ga wata mata da yaro a hannu ta fita, ta bi hanya cikin itatuwan, ta ɓace a bakin gilashin waya.

"Ina tat tahi?"

"Gida," na ce.

"Wane gida? Daji na can. Ba ka gani?"

A ƙauyenmu, tun da abin nan ya tsananta, rami aka haƙa aka zagaye gari, aka bar mashiga ɗaya, ana la'asar a ja ƙaya a rufe. Wanda ya yi yamma a waje sai addu'a. Baba yana cikin waɗanda suka haƙa ramin. Ya sa yatsa ya goge hanyar fita, ya dasa itatuwa uku a wurin, ya bar ta shiga kawai. Ya ce ɗiyan mutane ba za su salwanta a hannunsa ba.

Da farko ban damu ba, har dariya na yi. Amma mutanen suka yi ta shigowa ba mai fita, filin ya cika maƙil, fuskokin suka fara komawa ja. Suka taru a bakin itatuwan nan uku suna kai da kawowa. Baba ya taɓa ɗaya, rubutu ya fito, ya miƙo mini wayar ba tare da ya dube ni ba.

"Malam, mi yac ce?"

Na karanta. Cewa yake gida yake son tafiya, ya rasa hanyar fita. Ta yaya zan faɗa wa wannan tsohon wannan magana, ni da magirbinsa yake ƙarƙashin gadona?

"Yunwa shika ji," na ce.

Ya gina rumfunan abinci huɗu. Washegari ya taɓa wata, na ce ƙishirwa. Ya gina na ruwa. Na ce rana ta dame su, ya dasa inuwa. Na ce gajiya, ya jera benci. Ba abin da bai ba su ba, yana yi yana yi musu faɗa a hankali, wai su gode wa Allah suna cikin shinge. Fuskokin dai ja, har ba ka ganin kore ko ɗaya. Wata la'asar yana masallacin ƙofar gida na saci jiki na cire itatuwan. Yana dawowa ya gane, kafin ma ya zauna.

"Wa yab buɗe ƙohwag ga?"

Na ce wataƙila yara ne. Ya mayar da itatuwansa, ya ƙara biyu, daga ranar ya koma sa wayar a aljihu in zai yi salla.

Sai wasan ya fara fito da jan rubutu, cewa in mutanen ba su huce ba za a rufe filin. Na san wasan, na san da gaske yake, kuma kwana biyu ko uku ya rage. Na san mahaifina kuma. Mutumin da ya ƙi rabuwa da gona ɗaya ba zai yarda a ba shi sabon fili ya sake daga farko ba. In aka rufe, zai ajiye wayar ya koma kallon sama, ga shi an fara shigo da tumu kasuwar Kaura, yana ganin yara suna gasawa. Na rasa inda zan sa kaina. In na yi shiru wasan ya mutu, in na yi magana na tona kaina. Na zaɓi in ceci wasan, ina ganin zan iya faɗar rabin gaskiya in tsaya.

Da hantsi ne, muna zaure. Na ce masa dole a buɗe musu hanya. Ya ce daji ne. Na ce ba daji ba ne, zane ne kawai. Ya ce ni ban san daji ba. Ina da saurin fushi, kuma malanta ta saba mini da son a ce na fi kowa gaskiya, sai bakina ya kuɓuce.

"Baba, ba yunwa ba ta, ba ƙishirwa ba ta. Tun ran hwarko gida suka so su tahi. Ko mi kab ba mutum, in ka tsare shi inda bai so, lalacewa shika yi."

Ya sa yatsa ya tuge itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa hanyar da kansa. Mutanen suka yi dogon layi suna fita, muna kallo har filin ya yi sarari. Sannan ya ajiye wayar, ya juyo ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Ashe ka sani," ya ce.

Na roƙe shi. Na yi kuka a gabansa, ƙato da ni, matata tana ji daga tsakar gida. Na ce zan sayo masa gero dami nawa yake so. Na ce hanyar ba ta biyuwa, ko ta Shinkafi aka zaga. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi bai shuka hatsi don tsuntsaye ba, kuma ranar da aka rubuta masa ko a cikin ɗakina za ta iske shi.

"Ɗauko man magirbina, Malam. Na san inda shike."

Ina iya ƙi. Kwaɗon yana nan, direbobin suna nan a kan alkawarinsu. Amma maganar daga bakina ta fito, ban ga ta inda zan janye ta ba. Na shiga ɗaki na jawo magirbin, na kai wa maƙeri ya gyara bakin. Washegari da safe ni na raka shi tasha, ni na ce wa direban da na roƙa a baya ya ɗauke shi. Da zai shiga mota ya miƙo mini wayar, ya ce kada in bari tafkin ya ƙafe.

Bayan kwana goma sha ɗaya wata motar itace ta tsaya a ƙofar gidana, aka sauke damman gero, ɗauri irin nasa, mai kyau da tsauri. Direban ya ce Baba ya gama girbi lafiya, ya tsaya ya kwashe sauran ne. Daga baya muka ji cewa ran da Baba ya koma gonar da wasu mutum biyu, 'yan bindiga suka tare su suka shiga daji da su. Biyun sun dawo bayan watanni. Sun ce tun a kwana na uku aka raba su da shi saboda ƙafarsa, ba su sake ganinsa ba. Ba mu yi zaman makoki ba, don ba wanda ya ga gawa. Na bi duk wanda aka ce ya san wani da ya san wani, har na gaji da jin "sai haƙuri".

Wayar tana nan, gilashinta ya tsage, batirin ya kumbura, yaran sun san ba a taɓa ta. Filin bai mutu ba. Tun da ya buɗe hanyar fuskokin suka koma kore, jirgin malalaci yana ta zagayensa, kuma wannan ne abin da na kasa yafe wa wasan. Matata tana yi mini faɗa wai na daina sa wa ƙofar gida sakata da rana, ga gari ba lafiya.

In na karɓo wayar daga caji nakan zauna a zaure, a kan tabarmarsa. Ba na gina komai. Gefen shiga nake kallo, inda mutanen suke fitowa daga cikin baƙaƙen itatuwan nan ɗaya bayan ɗaya, ina duba tafiyar kowa ko zan ga mai ɗingishi.