Kawu Sule da Jirgin Baba Danjuma

Duk wanda ya san Kawu Sule, bakaniken unguwar Apo a Abuja, ya san ba ya wuce ƙarfe a ƙasa. Ko noti ne sai ya sunkuya, ya hure shi, ya jefa aljihu. In ka yi dariya ya ce, "Ƙarfe ba ya mutuwa, aiki yake sakewa."

Amininsa Baba Danjuma direban wani Bature ne a Maitama. Da Baturen zai koma gida ya bar masa ɗan jirgin ruwa mai tafiya da iska, wanda suke shiga a tafkin Jabi. Ba a jima ba Baba Danjuma ya yi hatsari, ƙafafu suka daina aiki. Ya daina fita, hira ma ya daina, ya ce a sayar da jirgin.

Kawu ya ce, "Ƙafa ke tura shi ko iska?"

Ya ciro kujerar wata tsohuwar tasi har da bel ɗinta, ya kafa ta can ƙasan jirgin don kada ya kife. Igiyoyin ƙyallen da ke kama iska duk ya jawo su gaban kujerar, ya haɗa su da hannun ɗaga gilashin mota. A bakin ruwa kuma ya kafa sarƙar da yake ɗaga inji da ita.

Baba Danjuma ya dube ta ya ce, "Sule, ni inji ne?"

"Inji ya fi ka daɗin aiki, ba ya surutu."

Ranar gwaji ni ya fara ɗorawa, wai ni ne mai ƙiba a dangi. Na ce, "Kawu, in na nutse fa?"

"Sai mu san akwai gyara."

Ban nutse ba. Aka ɗora Baba Danjuma, ya yi nisa har ya zama ɗigo, ya dawo yana dariya yana share ido. Ya ce, "Shigo mana, Sule."

Kawu yana tsaye kan tudu, ya ɗaura jarka biyu a ƙugu gudun nutsewa. Ya ce, "Ka taɓa ganin tela ya sa rigar mutane?" Har ya rasu bai taka jirgin nan ba.

Yanzu duk Asabar masu keken guragu uku ke jiran layi a wurin, Baba Danjuma na koya musu jan igiya. Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya sauƙaƙa masa kamar yadda ya sauƙaƙa wa amininsa. Amin.