Halliru Mai Majigi da Saniyar Arɗo Jaɓɓo

Duk wanda ya bi ta ƙofar gidan Malam Halliru a Illela bayan sallar asuba ya san abin da zai tarar. Yana zaune bakin zaure a kan buzunsa, gwangwanin fim a buɗe gefe guda, ya ɗaga zaren fim ɗin yana haska shi da hasken gabas, yana ja a hankali, hoto bayan hoto, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Littafi na kan cinyarsa. In ya ga abu sai ya rubuta da ajami, ya karanta a bayyane, ya girgiza kai, ya soke. Koko ya huce a kwano, matarsa Atika ta leƙo sau biyu ta gaji ta koma. Shekara goma sha takwas ke nan yana wannan hali, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin idanun sun fara cewa a bar su haka.

Ga wanda bai sani ba, shi ne mai bayanin majigi. Mota ta shigo gari, a kafa farin ƙyalle, a ta da inji bayan magariba, hoto ya fito yana motsi amma ba ya magana. Bakin hoton nan shi ne Halliru, yana tsaye da lasifika a hannu. Akwai masu cewa wai ai surutu ne kawai, kowa ma ya iya. To bismilla, ga lasifikar, a tsaya gaban mutum ɗari biyar a gwada. Ɗan gidan malamai ne, kuma har yau akwai 'yan uwansa da ba su huce ba, wai ya bar allo ya bi inuwa. Shi dai bai taɓa tanka musu ba.

Hamidu direba, wanda suka yi shekara goma sha ɗaya a mota ɗaya, ya ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne Halliru ba ya kallon ƙyallen. Ya riga ya haddace fim tun da safe, saboda haka baya yake ba shi, ya fuskanci jama'a. In an yi dariya inda bai kamata a yi ba, gobe yana cikin littafi. In mata sun fara tashi suna kakkaɓe zane, ya san daidai hoton da ya kore su. An taɓa kawo wani fim na noman gyaɗa, mutanen Gidan Katta suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Halliru ya rubuta wa masu fim ɗin cewa: "Wanda kuka sa ya fito a manomi akawu ne. Riƙon fartanyarsa ya tona shi tun a hoton farko, daga nan ba wanda ya sake jin maganar taki." Irin wannan takarda ya aika birni ta fi hamsin. Ko ana karantawa, Allah masani.

A wurinsa, fim ɗin da sai an yi ta bayani kafin a gane shi, mai shi bai gama aikinsa ba. Ka ji fa, daga bakin mutumin da da bayanin yake ci.

Amma abin da ya sa aka ɗauki alƙalami yau wani abu ne da ya faru shekara biyu bayan samun 'yancin kai, kuma Halliru ba ya son a tuna masa.

A shekarar ne aka ji ƙishin-ƙishin ciwon bushiya ya ɓulla daga gabas, cutar da in ta shiga garke sai ta ga bayansa. Malaman dabbobi suka zo da allurar rigakafi, Fulani suka ce ba su san zance ba. Sai aka aiko da fim don a rarrashe su. Halliru da kansa ya hau keke ya je rugar Arɗo Jaɓɓo a wajen Lafani, domin in Arɗo ya yarda, rugage tara sun yarda. Ya ce masa ya zo ya gani da idonsa. Arɗo ya ce, "Don kai na, Malam. Mu taho."

Fim ɗin bai iso ba sai ranar kasuwa da la'asar sakaliya. Fulani sun riga sun taru, gobe kowa ya watse. Sau ɗaya ke nan a rayuwarsa Halliru ya hau lasifika da fim ɗin da bai duba ba.

Da farko komai lafiya. Ga jajayen shanu masu dogayen ƙaho, ga malami yana soka allura. Sai hoto ya juya, ga jajayen shanu sun yi ɓul-ɓul suna kiwo a fadama. Halliru ya buɗe murya: "Ku diba, jama'a! Ga su nan bayan allura, sun yi ƙiba, sun yi kyawo!"

Sai Arɗo ya miƙe, ya dogara sandarsa.

"Malam, ina shanun hwarko?"

"Ga su nan, Arɗo."

"A'a. Waɗanga wasu na. Shanun da anka soka, ba ko guda cikinsu. Ina mai hwarin goshi? Ina wadda ƙahonta yak karkace? Mi anka yi da su?"

Wani daga baya ya ce, "Sun mace! Shi ya sa anka sake wasu!"

A nan ne ake gane mutum. Halliru gwanin baki ne, da ya so da ya murɗa zance ya wuce. Sai ya ce wa Hamidu ya tsayar da inji, ya mayar da fim baya. Ya juyo, ya kalli ƙyallen da kyau, sau biyu. Sannan ya ɗaga lasifika ya ce, "Arɗo ya yi gaskiya. Ba su ba ne. Ban san inda na hwarko suke ba, kuma ba ni hwaɗin abin da ban sani ba." Kafin rana ta take washegari, rugage tara sun kwance sun tsallaka iyaka, sun yi wajen Ƙonni.

Bayan mako guda sai ga wanda ya tsara fim ɗin ya ba da umarninsa, wani matashi mai suna Mukhtari, ya diro daga birni ransa a ɓace. Ba mugun yaro ba ne, kuma ya san kyamara. Shi dai ya ɗauki hoton allura a wani gari, ya ga lokaci ya ƙure, ya ɗauki wani garke mai ƙiba a wani garin, ya haɗa. Ja da ja, ina laifi?

"Malam, ka kunyata mu gaban jama'a," in ji shi. "Saniya ai saniya ce."

Halliru ya tura masa tabarma. "Zamna, Malam Mukhtari. Innarka tana da rai?"

"Tana nan."

"Allah shi ƙara mata lahiya. In na ɗauki hotonta tana shiga asibiti, in nuna maka wata mata tana hitowa da zane irin nata, in ce ga innarka ta warke, mi za ka ce?"

Mukhtari ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, cewa ya yi, "Baba, yaya za a gyara?" Allah Ya yi wa yaron nan albarka, ba kowane mai takarda ke iya wannan tambaya ba.

Kwana uku suka yi a zauren nan suna rubuta sabon labari. Mukhtari yana son a buɗe da jawabin malamin dabbobi, Halliru ya ce a'a, makiyayi kafin ya saurari mutum sai ya gama kallon dabbar da ke bayansa, saboda haka a buɗe da saniya. Kuma ba garke ba, saniya ɗaya tak, wadda kowa zai shaida ko daga nesa. A nuna ta dama da hagu, a nuna goshi, a nuna tsagar da ake yi a kunne bayan allura, kar a yanke hoton tun daga shigar allura har fitarta. Sannan a jira.

"A jira har yaushe?" in ji Mukhtari.

"Har gaskiya ta nuna. In ta mace, mu ɗauki wannan ma."

Halliru ya sake hawa keke ya tsallaka iyaka, ya yi kwana biyu yana cigiya kafin ya sami Arɗo. Arɗo ya karɓe shi da fura, amma fuska ba walwala. Ya ce ba zai ba da garkensa ba. Matarsa Bilki ce ta yi magana daga bayan bukka, ta ce mutumin da ya ƙaryata kansa gaban kasuwa ba zai cuce su ba, a ba shi tata. Wata ja ce mai karyayyen ƙahon hagu, da ciki. Aka yi mata allura, Mukhtari ya ɗauka yadda aka tsara.

Ba su yi dogon jira ba, kaico. Wata huɗu bayan nan bushiya ta shiga rugar Arɗo. Cikin shanu sittin da 'yan kai, arba'in da ɗaya suka tafi. Da saƙo ya iso, Halliru da Mukhtari suka je, suka tarar da Arɗo zaune a turɓaya, dattijo mai furfura yana hawaye kamar ba gobe. Mukhtari ya ɗaga kyamara. Halliru ya sa tafin hannu ya rufe mata ido.

"Ba a ɗaukar kukan dattijo, ɗana. Gobe da wace huska zai zamna gaban mutanenai? Juya nan."

Ya nuna masa dangwali, doguwar igiyar nan mai maɗaurai da ake jera maruƙa. Ya ce ya bi ta da kyamara a hankali, maɗauri bayan maɗauri, duk wayam. A can ƙarshe, 'yar maraƙa ɗaya tana tsaye. Gefenta uwarta tana lasar ta, ja mai karyayyen ƙaho, da tsaga a kunne.

Ranar da aka nuna wannan fim a Illela, mutane har kan katanga. Hamidu ya rantse cewa tunda yake bai taɓa ganin haka ba: da aka zo kan dangwali, Halliru ya sauke lasifika, ya yi shiru. Ba abin da ake ji sai ƙarar inji. Da ƙahon nan ya bayyana, sai murya ta tashi daga wajen mata, "Ita ta! Saniyar Bilki ta!" Arɗo ya miƙe, ba wanda ya sa shi, ya juya ya yi wa mutanensa magana da Fulatanci, gajeruwa. Washegari malaman dabbobi sai da allura ta ƙare musu kafin azahar.

Mukhtari ya sami yabo a birni, kuma ya cancanta. Ya so a sa sunan Halliru a farkon fim, aka ce ba a saba ba. Yanzu duk labarin da ya rubuta sai ya aiko Illela an duba masa tukuna.

Malam Halliru, kai ne ka tsayar da inji ranar da ƙarya ta fi sauƙi. Kai ne ka koya wa mai kyamara cewa mutanen da ke zaune a ƙasa suna kallo sun fi shi sanin abin da ke cikin hotonsa. Kai ne ka san inda ake magana, ka kuma san inda ake rufe baki. Bakin majigi, mai duba kafin ya faɗa. Amma mun sani, mu da ke kusa da kai, ba wannan kake tunawa ba. Shanu arba'in da ɗaya kake tunawa. Sau nawa ka ce da ka duba fim ɗin nan tukuna da ka gani, da rugage ba su tsallaka ba? Wataƙila da ka gani, wataƙila a'a. Abin yana ba mu tausayi ƙwarai, mutum ya yi shekara goma sha takwas yana aiki tsakani da Allah, ya zauna yana tuhumar kansa a kan la'asar ɗaya.

Ranar kasuwar da ta wuce, Arɗo ya ji labarin ajiye aikin, ya zo har zaure da ƙwaryar nono daga Bilki. Halliru bai gane shi ba sai da ya yi sallama, idon ya kai haka. Suka gaisa, Halliru ya fara zancen da ya saba, na ranar nan. Arɗo ya katse shi.

"Malam, ka bari hakanan. Shanuna na, ni niƙ ƙi, ni nit tsallaka da su. Kai gaskiya kab ba ni, ban san abin da za ni yi da ita ba sai da ta yi tsada." Ya tura masa ƙwaryar. "Sha. Na ɗiyar mai karyayyen ƙaho na. Bana ta haihu."

Halliru ya ɗauki ludayi. Atika ta ce ranar ce ta fara ganin ya shanye abu bai bari ya jira shi ba.

Mun gode, Malam. Allah Ya saka da alheri, Ya bar maka sauran hasken idonka, Ya sauke maka wannan kaya daga zuciya. Ku kuma samarin da ke rububin kyamara da alƙalami yanzu da ƙasa ta dawo hannunmu, zauren yana nan, littattafan suna nan cikin adaka, mai su yana da rai. Ku zo ku zauna ya karanta muku tun yana iya ganin rubutunsa. Kuma kafin ku nuna wa mutane shanunsu, ku tabbata su ne.